Shirin Kai Yaro Wurin Malamin Ɗabi'a Ran Farko

Yau maganarmu a kan yaro ce, irin yaron nan da ya kai shekara 3 ko 4 bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya shiga wasa cikin 'yan'uwansa, sai ka gan shi can gefe guda yana jera marafan kwalba ko yana karkaɗa hannu, in kuwa aka taɓa masa jerinsa sai kuka da birgima. Wataƙila akwai irinsa a gidanku. Wataƙila ma kun riga kun kawo shi ɗakin shan magani, malamin asibiti ya ba ku takarda zuwa babban asibiti, likita ya duba ya ce galahanga ce, ya haɗa ku da malamin da zai riƙa koya masa, har an sa muku rana. To, wane shiri za ku yi kafin ranar? Me za ku tafi da shi, me kuma za ku tarar can? Abin da za mu bayyana muku ke nan.

Mece ce galahanga?

Mutane su kan kira larurori iri iri da wannan suna, amma wadda mu ke nufi yau ita ce likitoci ke kira otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya ba da bayaninta cikin 1943, bayan ya lura da yara 11 da aka kawo masa asibitin Johns Hopkins. Tun daga ciki ƙwaƙwalwar yaron ta ke ginuwa ta wata hanya dabam, gado kuwa yana da hannu ƙwarai cikin al'amarin. Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na shekarar 2021 ya nuna kimanin mutum 1 cikin 127 yana da ita. Ba laifin uwa ba ne, ba a kuma ɗaukarta wurin wani. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Wani likita a Ingila ya taɓa yaɗa wannan zance cikin 1998, aka bincika aka tarar aikinsa da maguɗi, mujallar da ta buga ta janye shi cikin 2010, aka kuma hana shi aikin likita.

Babu ƙwaya ko allura da ke fid da galahanga. Abin da ke taimakon yaro shi ne koyarwa, tun da wuri, da haƙuri.

Aikin malamin ɗabi'a

Ɗaya daga cikin hanyoyin koyarwar ita ce wadda za ku ga an rubuta a takardarku da haruffa uku, ABA. Mu a nan za mu ce da ita koyar da ɗabi'a daki-daki, mai yinta kuwa malamin ɗabi'a, ko da ya ke sau da yawa mace za ku tarar.

Asalinta daga Amurka ne, daga binciken wani masani na jami'ar Harvard, B. F. Skinner. Tushenta abu ne da kowa ya sani. In ka aiki yaro ya dawo ka ba shi tukwici, gobe da gudu zai tafi. Watau duk aikin da abu mai daɗi ya biyo bayansa nan da nan, mutum ya kan maimaita shi. Malamin ɗabi'a ya kan ɗauki aiki guda, kamar wanke hannu, ya kakkarya shi ƙanana ƙanana: ɗaukar buta, jiƙa hannu, shafa sabulu, cuɗawa, ɗaurayewa. Da fari ya kama hannun yaron su yi tare. In yaro ya fara ganewa sai ya koma taɓa masa gwiwar hannu kawai, daga nan ya koma nuni da yatsa, har ya bar shi ya yi da kansa. Kowane mataki yaro ya yi daidai, a yabe shi a ba shi abin da ya ke so. Malamin yana rubuta kome, don a san ko ana ci gaba.

Cikin 1987 wani malami a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, Ivar Lovaas, ya ba da labarin yara 19 da aka koya wa ta wannan hanya awa 40 kowane mako, shekara biyu ko fiye. Ya ce 9 daga cikinsu sun shiga aji tare da sauran yara, sun kuma ci. Wannan labari shi ya sa hanyar ta bazu duniya. Amma akwai abu biyu da ya kamata ku sani. Na ɗaya, cikin 2018 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara bincike 5 da aka yi kan yara 219, suka ce akwai alamar amfani wajen magana da ayyukan yau da kullum, amma shaidar ba ta da ƙarfi sosai. Wani yaro ya kan ci gaba da sauri, wani a hankali. Na biyu, a zamanin Lovaas an yi amfani da tsawa da mari, har da jan lantarki. Waɗansu da aka koya wa suna yara, da suka girma suka ce an wahalshe su, an tilasta musu barin abubuwan da ba su cutar da kowa. Ƙa'idar aikin ta yau ta ce a sa lada gaba, kada kuma a yi wa yaro kome sai da yardar iyayensa. Sabo da haka idonku a kan aikin wajibi ne, tun daga ran farko.

A fara duba lafiyar jiki

Kafin ranar ku tabbata an gwada kunnen yaron. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa su kan bar yaro da kurumta, yaron da ba ya ji kuwa ba zai amsa kira ba. A duba haƙoransa da cikinsa. Yaron da ba ya magana ba shi da hanyar cewa haƙorina na ciwo, sai ya buga kansa a bango. Irin wannan likita ya ke bukata kafin malami. In yana faɗuwa, ko ya kan ƙafe idonsa na ɗan lokaci bai san inda ya ke ba, ku gaya wa likita, domin farfaɗiya ta fi yawa ga masu galahanga bisa ga sauran yara.

Mako guda na lura

Malamin ya yi karatu, amma bai san ɗanku ba. Ku kuka san shi. Babban abin da za ku kai masa ran farko shi ne wannan sani, a tsare. Ku sami littafi ɗan ƙarami, ku raba kowane shafi gida uku. A gida na farko a rubuta abin da ya faru kafin yaro ya yi abin da ke damunku. A na biyu, abin da ya yi. A na uku, abin da aka yi masa bayan nan. In babu mai rubutun boko a gidan, a yi da ajami, ko ɗan makaranta ya taimaka. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki abin na minti ɗaya ko biyu.

Ga misali. Talata da hantsi, uwa tana daka, mai tallan ƙosai ta shigo. Yaro ya faɗi ƙasa yana ihu yana cizon hannunsa. Kaka ta saya masa ƙosai, ya yi shiru. In kuka rubuta an yi rigima ran Talata, ba ku gaya wa malami kome ba. In kuwa kuka rubuta yadda muka faɗa, nan da nan zai gane cewa ihun nan roƙo ne, yaron bai san wata hanyar cewa a ba ni ba. Aikinsa ke nan ya koya masa hanya mai sauƙi, ko nuni da yatsa, ko miƙa hoton ƙosai, ko kalma guda, wadda za ta kawo masa abin da ihu ke kawowa.

Masana wannan aiki sun ce galibin abin da yaro ke yi ba ya wuce dalili huɗu: yana son a kula shi, ko yana son wani abu a hannunsa, ko yana gudun wani abu kamar wanka ko hayaniya, ko kuwa abin da kansa ke yi masa daɗi a jiki, kamar lilo da kaɗa hannu. Littafinku shi zai nuna wanne ne. Ku rubuta har da lokacin barcinsa, da abincin da ya ke ci da wanda ya ke ƙi, da yadda ya ke bayan gida.

Kada ku ɓoye kome don kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In yana cizo, ku faɗi. In an taɓa dukansa, ko kulle shi a ɗaki don kada ya fita, ku faɗi. In ana ba shi jiƙo ko ana yi masa hayaƙi, ku faɗi irinsa. Malamin kirki ba zai zarge ku ba, ya san gajiya ce da rashin sanin abin yi.

Abin da yaro ke so

A bayan littafin ku jera abubuwan da ke faranta masa rai. Kada ku tsaya kan abinci kaɗai. Wani yaro ƙuli-ƙuli ne ko dabino, wani wasa da ruwa a kwano, wani a ɗaga shi sama, wani a yi masa cakulkuli, wani kuwa wata tsohuwar murfin tukunya da ya ke juyawa. Kome ƙanƙantar abin, ku rubuta. Da su malamin zai yi aiki. Ku jera kuma abin da ya ke tsoro ko ƙi, kamar ƙarar injin niƙa, ko aski, ko a taɓa masa kai.

Ku shirya bakinku a gida

Kai maigida da ke uwargida, ku zauna ku zaɓi abu uku da kuka fi bukata yaron ya koya. Ku fara da abin da zai tsare ransa ya kuma sauƙaƙa masa zama: ya iya neman ruwa da abinci, ya tsaya in an ce tsaya don kada ya faɗa rijiya ko murhu ko gaban mota, ya iya zuwa bayan gida. Waɗannan sun fi haddar launuka da ƙirga.

Ku gaya wa malamin al'adar gidanku. Littattafan wannan aiki a ƙasar da a ke son yaro ya kalli babba cikin ido aka rubuta su, mu kuwa a wurinmu yaro mai ladabi sunkuyar da kai ya ke yi. Da yawa daga masu galahanga ma sun ce kallon ido yana takura musu. In yaro yana juyowa ya saurara, ya isa. Ku gaya masa harshen da a ke yi a gida, Hausa ce ko Fulatanci ko wani, ku roƙa a koya masa da kalmomin da zai ji kullum. Ku kuma faɗi sunan da ya saba ji. In ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa, wataƙila laƙabin da kaka ta sa masa kaɗai ya sani.

Wa zai tafi?

Wanda ya fi zama da yaron shi ne tilas ya je. Sau da yawa uwa ce, wani lokaci kaka, ko yayarsa mai goyonsa. In alkunya za ta hana uwa sakin baki a kan ɗanta na fari, a haɗa ta da kaka ko gwaggo. Maigida, in da hali ka je kai ma, domin za a yi maganar kuɗi da lokaci, za a kuma nemi hannunka a takardar yarda. Amma kada a kwashi gayya. Mutum biyu sun isa.

Shirin yaron

Masu galahanga ba su son a sāke musu abin da suka saba ba zato. Tun kwana biyu ko uku ku fara gaya masa da gajerun kalmomi: za mu shiga mota, za mu ga malama, za mu yi wasa, za mu dawo gida. Ko ba ya magana ku faɗa, yana jin fiye da yadda ku ke tsammani. In kun sami hoton wurin ko na malamin, ku nuna masa. Kada a tsorata shi da cewa za a kai shi wurin mai allura.

Ya kwanta da wuri. Da safe ya ci abin da ya saba ci. A sa masa rigar da ya saba, ko tsohuwa ce, sabuwar shadda mai kaushi sai ta ɓata ranar duka. Kada ku ba shi maganin barci ko na tari don ya natsu a hanya. Malamin yana bukatar ganinsa yadda ya ke. In kuwa likita ya ɗora shi a kan magani, kamar na farfaɗiya, a ba shi a kan lokacinsa.

Cikin jaka ku sa takardar likita, da katin asibiti, da katin rigakafi, da kwalaben magungunan da ya ke sha, da littafin nan naku, da ruwa, da ɗan abinci, da wando na sauyi, da abu biyu ko uku cikin waɗanda ya ke so. Ku fita da wuri, don kada a isa ana haki.

Abin da za ku gani

Zaman farko ya kan ɗauki awa ɗaya ko biyu, wani lokaci a raba shi kwana biyu. Rabinsa tambayoyi ne gare ku: yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, ya taɓa yin magana ya bari, yaya ya ke nuna yana son abu. Sauran kuwa za ku ga malamin ya zauna ƙasa yana wasa da yaron, yana bin abin da yaron ke so, yana miƙa masa abubuwa ba tare da ya ce ya yi kome ba. Kada ku ce mun biya kuɗin mota mun zo kallon wasa. Da gangan ya ke yi. So ya ke yaron ya ɗauke shi mutumin da alheri ke fitowa daga hannunsa, domin yaro ba ya koyo wurin wanda ya ke tsoro. Wannan sabo ya kan ci kwanaki.

Can cikin wasan zai ɗan gwada shi: ya kira sunansa, ya tafa hannu ya ga ko zai kwaikwaya, ya ɓoye abu ya ga ko zai nema. Ku kame bakinku, kada ku amsa masa, kada ku tsawata masa. Ba jarrabawa ce da a ke faɗuwa ba. In ya yi kuka ko birgima kada ku ji kunya, malamin ya ga abin da ku ke fama da shi ke nan. Bayan an gama awon, ya kamata a ba ku tsari a rubuce, a kuma karanta muku shi da harshen da ku ke ji.

Tambayoyin da za ku yi

Ƙwararrun wannan aiki kaɗan ne a ƙasarmu, galibinsu kuwa a manyan birane su ke, kamar Legas da Abuja. Sabo da haka ku tambaya ba tare da jin nauyi ba. Ina ka koyi aikin, wace takardar shaida gare ka? Wa zai zauna da yaron kullum, wa ke duba aikinsa? Awa nawa a mako, nawa ne kuɗin, har tsawon wane lokaci? In yaro ya ƙi, ko ya yi kuka, me za ka yi? Yaya za mu san yana ci gaba, yaushe za mu zauna mu duba? Me za ka koya mana mu yi a gida? Wanda ya san aikinsa ya kan yi murna da irin waɗannan tambayoyi.

Maganar awoyi kuwa, ku faɗi abin da za ku iya. Kada ku sayar da gona ko shanun noma don wani ya ce sai awa 40. Awa kaɗan da za a dawwama a kai, ana maimaitawa a gida, sun fi masu yawa da za a bari bayan wata biyu.

Abin da ba za ku yarda da shi ba

Duka, da tsawa, da murɗe kunne, da ɗaurewa, da kulle yaro shi kaɗai, babu ɗayansu cikin koyarwar kirki. Kada ku yarda a ce ku kawo shi da yunwa ko ƙishirwa don ya yi biyayya. Ɗan dabino na lada dabam, abincinsa na yau da kullum dabam, wannan hakkinsa ne. Kada ku yarda a hana ku ganin abin da a ke yi. Kada a ɓata lokaci wajen hana shi kaɗa hannu ko lilo in ba ya jin ciwo, da su ya ke kwantar da hankalinsa. Wanda kuma ya ce zai warkar da shi sarai cikin wata kaza, ku riƙe kuɗinku. In makonni suka wuce yaro yana ƙara firgita duk ran da za a tafi, ko barcinsa da cinsa sun lalace, ku tsaya ku koma wurin likitan da ya aike ku.

Bayan an dawo gida

Zai gaji, ku bar shi ya huta. Abin da malamin ya nuna muku ku gaya wa duk mutanen gida, har kishiya da 'yan'uwa, don kowa ya yi iri ɗaya. Ku sani kuma, ran da aka fara koya masa nuni maimakon ihu, ihun ya kan ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya ragu, domin yana gwada tsohuwar hanyarsa da ƙarfi. Ku daure, ku ba shi abin da sauri duk sa'ad da ya yi nunin. Addu'a kuwa ku ci gaba da yi masa, ba ta hana koyarwa, koyarwa ba ta hana ta.

Wanda malami ya yi masa nisa, kada ya ce shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya darussa na koya wa iyaye yadda za su taimaki irin waɗannan yara cikin wasa da aikin gida, ta kuma sa su a intanet kyauta cikin 2022. Ku tambayi likita ko malamin asibiti ko akwai mai koyar da su kusa da ku. Littafin nan mai gida uku ma, kuna iya fara shi yau da dare.

Ga abin da za ku riƙe a taƙaice:

1. A gwada kunne, a duba lafiyar jiki.
2. A yi mako guda ana rubuta abin da ya faru kafin, da abin da yaro ya yi, da abin da ya biyo baya.
3. A jera abin da ya ke so da abin da ya ke tsoro.
4. A zaɓi abu uku da a ke so ya fara koyo.
5. Wanda ya fi sanin yaron ya tafi, ya faɗi gaskiya, ya yi tambaya.
6. Kada a yarda da duka, ko yunwa, ko alkawarin warkarwa.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu haƙurin renonsu, amin. Sai wani mako.